Kwamfutar taka ce, manhajar haya ce: Abin da ma'aikaci ya kamata ya sani kan lasisi

A Jimeta, wanda ya sayi kwamfuta 'yar gwanjo yakan zarce ne kai-tsaye teburin mai gyara. Kafin awa guda an zuba masa Windows da Microsoft Office, wani lokaci har da CorelDRAW, a kan kuɗin da bai kai na cefanen yini ba. Shi bai tambayi lasisi ba, mai gyara ma bai tayar da zancen ba.

Irin waɗannan kwamfutoci ne ke aiki a yawancin shagunan buga takardu na Yola da Jimeta, inda ma'aikata ke kai wasiƙun ofis idan wuta ta ɗauke ko na'urar ofis ta lalace. Saboda haka maganar ta shafi ma'aikacin tarayya, ko da bai taɓa sayen manhaja ba.

Abin da mutum ke mallaka idan ya sayi kwamfuta shi ne ƙarfen. Manhajar kuwa izinin amfani kawai ake sayar masa, bisa sharuɗɗan da yake danna amincewa da su ba tare da ya karanta ba. Wani lasisin a ɗaure yake da na'ura guda, ba ya bin mai shi zuwa sabuwa. Wani kuma, kamar na Microsoft 365, haya ce ta wata ko ta shekara. Lasisin da aka yi wa ɗalibai rangwame ba na aikin ofis ba ne.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta maye gurbin wadda ta samo asali tun 1988. Tana ɗaukar manhaja a matsayin aikin rubutu, tamkar littafi, ta kuma haramta fasa makullin da mai ita ya sanya don hana kwafa. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ce ke aiwatar da ita, Babbar Kotun Tarayya kuma ke sauraron ƙararrakin.

Bayan doka akwai batun tsaro. Fasasshiyar manhaja kan zo da ƙwayar cuta a ɓoye, sau da yawa kuma akan kashe mata sabuntawa don kada a gano ta. A Mayu 2017, harin WannaCry ya kama kwamfutocin da ba a sabunta ba a ƙasashe kusan 150, har ya tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Filashi ɗaya da ya dawo daga shago ya isa ya kai irin wannan masifa kan jerin albashi ko takardun fansho. Araha, in ji Hausawa, ba ta ado.

Mafita ba lallai sai da kuɗi ba. LibreOffice kyauta ce, lasisinta ya halatta kwafa da rabawa, tana kuma buɗe takardun Word da Excel. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta sanar da mayar da kwamfutocin gwamnati kimanin 30,000 kanta.

Jami'in da zai sa hannu a takardar karɓar kwamfutoci daga ɗan kwangila, a Yola ko a Abuja, ya nemi shaidar lasisi da sunan ma'aikatarsa kafin ya ɗauki biro. Ranar da masu binciken kuɗi suka zo, sa hannunsa za su fara dubawa.