VPN Na Gida Ba Ya Ɓoye Adireshin Falke

POTISKUM: Tun daga ƙarancin takardun kuɗi da ya biyo bayan sauya fasalin Naira a farkon shekarar 2023, cinikin miliyoyi a Kasuwar Shanu ta Potiskum da ke Jihar Yobe ya koma bi ta cikin wayar salula. Kasuwar, wadda ke ci ranar Laraba, tana daga cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, kuma falken da ya loda tirela zuwa Kudu a yau ya fi dogara ga manhajar banki a kan jakar kuɗi.

Duk na'urar da ta hau intanet tana fita ne da wata lamba da ake kira adireshin IP. Lambar ba ta faɗin sunan mutum, amma tana nuna ƙasarsa da kamfanin sadarwarsa, a wasu lokutan har da yankin da yake.

Jama'a da dama sun san VPN ne lokacin da Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter, daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Wancan na kamfanoni ne. Na gida kuwa wata 'yar na'ura ce da mutum zai ajiye a ɗakinsa, ya sanya mata manhaja irin su WireGuard ko OpenVPN. Idan falke ya je sayen dabbobi Diffa a Jamhuriyar Nijar, wayarsa za ta aika saƙonni a kulle zuwa gida, daga can su fita duniya. Wato mai sauraron layin masauki ba zai karanta komai ba, banki kuma zai ga adireshin Nijeriya da ya saba gani. Sai dai kuma duk shafin da ya ziyarta adireshin gidansa zai gani. An ɓoye inda falke yake, an bayyana inda iyalinsa suke.

Mai son rufe wannan ƙofa sai ya sa dillali a tsakani. Ana hayar ƙaramar kwamfuta a cibiyar wani kamfani, a kan abin da bai wuce kimanin dala 5 a wata ba. Na'urar gida da wayar falke duka su nemi wannan kwamfuta, saƙonni su fita ta wurinta, duniya ta ga adireshin haya. Har ila yau wannan dabara tana warware wata matsalar: tsoffin adireshin IP kimanin biliyan 4.3 ne kacal, don haka kamfanonin salula kan tara masu hulɗa da yawa a ƙarƙashin lamba ɗaya, abin da ke hana a kira na'urar gida kai tsaye daga waje.

Amma kamar yadda kowa ya sani a kara, mai saye yana iya rashin sanin mai sa, dillali kuwa ya san su duka biyun. Kamfanin hayar ya san adireshin gida, ya kuma san katin da aka biya shi. La'adarsa da dala ake biya, saurin layi yakan ragu, bugu da ƙari wasu bankuna kan yi shakkar adireshin ƙasar waje su hana shiga. Saboda haka abin da ya fi dacewa shi ne harkar banki ta bi ta gida, sauran zirga-zirga ta bi ta haya. Ko ɗaya daga cikinsu ba ya maganin alat na bogi. Wannan sai an duba asusu kafin a saki igiya.

Sannan idan layi ya yanke a hanya, waya kan koma fita da adireshinta na asali ba tare da sanarwa ba. A wayoyin Android akwai wurin da ake umartar waya ta toshe intanet baki ɗaya duk lokacin da VPN ya katse, kuma ba ya zuwa a kunne, sai mai wayar ya kunna da hannunsa.