Rumfar Katako A Kan Jiragen Tafkin Volta

Duk wanda ya taɓa ƙetarewa daga Yeji zuwa Makango da tsakar rana ya san azabar da ke cikin buɗaɗɗen jirgi. Rana ta dafa mutum, in kuwa damina ce ruwa ya jiƙe shi har da kayansa. Shi ya sa masu jirage suke sha'awar sauke tamfol su kafa rumfa mai ƙwari. Mu ma muna maraba da inuwa, to amma akwai magana.

Wannan dabara daɗaɗɗiya ce wurin masu ƙananan jirage masu tafiya da iska a Turai da Amurka, waɗanda kan yi makonni a teku. Sukan cire rumfar yadi da ke bisa mazaunin matuƙi su sa ta dindindin. Kafin su yanka komai sai sun gwada siffarta da kwali ko siririn falanki, matuƙi ya zauna ya miƙe, a tabbatar yana ganin gabansa. Sannan a ƙera ta da filawud na ruwa a lulluɓe da faiba, a sa tagogin roba mai ƙarfi, a kewaye ta da mariƙai. Babban abin da suke yaƙi da shi shi ne nauyi, domin duk abin da aka ɗora a sama yana rage wa jirgi ƙarfin komawa daidai idan igiyar ruwa ta karkata shi.

A nan ne muke jin tsoro. Kafintanmu ya saba da rufin ɗaki, inda kauri shi ne nagarta. In ya kawo ginshiƙai masu nauyi da kwano ya kafa a jirgi mai tsawo maras faɗi, ya ƙara masa layi ke nan. Kuma mun san halinmu: da zarar an ga rufi mai ƙwari, gobe za a ɗora masa buhunan gawayi da kwandunan kifi, watakila har da ɗan kamasho a zaune a kai. Ga kuma guguwar farkon damina, wadda kan sami rumfa ta tura jirgin a gicciye.

Har ila yau kada a manta da kututtura. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya cinye daji ba tare da an sare itatuwan ba, kuma suna nan tsaye a ƙarƙashi. Mai inji yana can baya, ya dogara da yaron da ke goshin jirgi yana nuna masa hanya da hannu. Rumfar da ta shiga tsakaninsu ta makantar da jirgin.

Sai batun fita. Ba mu manta da jirgin da ya nutse a watan Afrilun 2006 ɗauke da mutanen da aka tasa daga dajin Digya ba. In jirgi ya kife, rigar ceto kan ɗaga mutum sama, in kuwa akwai abin da ya tare shi sai ta manne shi a nan. Saboda haka gefunan rumfa su zauna a buɗe, labulen tamfol ya zama wanda ake yayewa da hannu ɗaya, ba wanda aka buga da ƙusa ba.

Hukumar kula da harkokin ruwa ta Ghana ita ke da alhakin duba lafiyar jirage da iyakar lodinsu. Mai jirgin da ya ƙara rumfa ya kamata ya je a sake duba masa, a cire nauyinta daga cikin lodin da aka yarje masa tun farko.