Tebur mai miƙaƙƙun ƙafafu: asalinsa a Turai, labarinsa a Magarya da Dungas

Duk wanda ya taɓa zuwa neman takardar haihuwa ko biyan haraji a Magarya, Bande, Waca ko Dungas ya tsaya gaban irin teburin nan: fuska mai kusurwa huɗu, aljihu biyu ko uku, da miƙaƙƙun ƙafafu masu kauri daga sama, suna sirancewa har ƙasa. Magatakarda yakan shekara ashirin yana rubutu a kansa bai tambayi wanda ya fara zana shi ba. Kafintan da ya ƙera shi ma wajen maigidansa ya gaji fasalin. Alhali kuwa fasalin nan yana da asali, kuma saninsa na iya tsare ɗan kasuwa daga asara, ya tsare ma'aikaci daga fushin hukuma.

Mafarin abin a ƙasar Italiya yake. A shekara ta 79 miladiyya dutsen Vesuvius ya yi aman wuta, ya binne biranen Herculaneum da Pompeii. An soma tono na farko a 1738, na biyu a 1748, aka tarar da gidajen Rumawan dā da zanen bangonsu da kayan ɗakinsu. A lokacin, manyan Faransa sun saba da yayin Sarki Luwi na 15, watau tebur mai lanƙwasassun ƙafafu, ado ya hau ado har ido ya rasa inda zai tsaya. Da suka ga aikin Rumawa da Girkawa, sai suka koma son miƙaƙƙen layi da daidaiton dama da hagu. Wannan shi ne yayin da Faransawa suke kira néoclassique, ma'ana sabunta aikin mutanen dā.

A zamanin Luwi na 16, wanda ya hau gado a 1774, yayin ya kai ƙarfinsa. Ƙafar tebur ta zama ƙaramin ginshiƙi: a sassaƙa mata kwari-kwari a tsaye kamar kunyoyin gona, a ɗora mata ɗan dunƙule mai kusurwa huɗu da fure a tsakiya inda ta haɗu da jikin teburin. Gangar jikin da itacen Turai mai ƙarfi ake yin ta, sa'an nan a manna mata siraran falle na itace mai tsada, a kewaye gefuna da tagulla mai ruwan zinariya, wani lokaci a ɗora dutsen marmara a sama. Shugaban gwanayen zamanin shi ne Jean-Henri Riesener, haifaffen Jamus, wanda aka naɗa kafintan sarki a 1774. Dokar ƙungiyar kafintocin Paris ta 1743 ta wajabta wa kowane maigida ya buga sunansa da hatimin ƙarfe a jikin aikinsa, masu bincike na ƙungiyar su ƙara haruffa uku, JME. Haka aka yi ta yi har aka rushe ƙungiyoyin sana'a a 1791.

Juyin juya hali ya kawar da sarki, bai kawar da yayin ba. Daga 1793 zuwa 1794 aka yi gwanjon kayan fadar Versailles, kashi fiye da 17,000, shi ya sa da yawansu suke Ingila da Amurka a yau. A zamanin Napoleon, daga 1804 zuwa 1815, tebur ya yi nauyi, ya sami ƙafar zaki da siffofin Masar, ƙasar da ya kai wa yaƙi a 1798. Ingilishi kuwa, ta hannun Robert Adam da Hepplewhite da Sheraton, sun fi son nasu siriri, mara yawan tagulla, kuma shi ya fi kama da teburin da ake gani a biro-biron ƙasar nan.

Akwai abin da bai kamata ɗan Afirka ya wuce ba a labarin nan. Jan itacen da ya ƙawata waɗannan tebura, wanda Faransawa ke kira akaju, daga tsibiran Kuba, Jamaika da Saint-Domingue, Haiti ta yau, ake kawo shi, kuma bayin da aka kwasa daga Afirka su ne suka sare shi suka jawo shi bakin teku. Dangi ɗaya yake da maɗaci, da kuma dogon yaron da ke inuwantar da titunan Magarya. Bayan an cinye na tsibiran ne ƴan kasuwar Turai suka juyo kan dangin maɗaci na Afirka, har ta kai a 2022 aka sa shi cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES take sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa.

To, yaya fasalin ya iso Damagaram? Ta hannun mulkin mallaka, kuma a makare. Faransawa sun ci Zinder a 1899, shekara 84 bayan faɗuwar Napoleon. Garin ya zama babban birnin yankin daga 1911 zuwa 1926, lokacin da aka mai da shi Yamai. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, amma daga can zuwa Magarya sai raƙumi, takarkari da kan mutum. Hafsan da aka turo daji ba ya ɗauko teburin fada mai marmara. Abin da yake bukata shi ne wurin rubuta haraji. Saboda haka tsofaffin teburan da suka saura a yankin aikin ƙarni na 20 ne, kafintoci suka kwaikwayi fasalin suka zubar da adon. Masu ƙyalƙyalin da ake saye yanzu don ɗakin amarya ko zauren alhaji, daga Kano ko ta hannun masu shigo da kaya, jikokin yayin ne ta wata hanya. Garin Damietta na Masar ya daɗe yana ƙera irinsu, har ana yi musu laƙabi da Luwi Faruk.

A nan ne ɗan kasuwa zai buɗe ido. Wanda ya kawo tebur a Magarya ko a kasuwar Maigatari ya ce na zamanin sarakunan Faransa ne, a jawo aljihun teburin a duba. Haɗin haƙoran da aka yanka da hannu ba ya zama daidai wa daida. Na inji kuwa kamar an auna da ma'auni. Sawun zarto mai zagaye a ƙarƙashin katako aikin inji ne na bayan wancan zamani, haka ma ƙusa mai murɗi mai tsinin baki, wadda ba ta yaɗu ba sai tsakiyar ƙarni na 19. Katakon masana'anta mai falle-falle kuwa ya yanke magana. Itace yana ƙanƙancewa ta faɗi, ba ta tsawo ba, don haka tebur mai zagaye da ya shekara ɗari biyu ba ya auna daidai ta kowane gefe. Hatimi ma kada ya ruɗi kowa. A 2016 aka gano cewa fadar Versailles da kanta ta sayi kujerun jabu a kan kuɗi masu yawa, kuma a watan Yuni na 2025 kotun Pontoise ta hukunta masanin da kafintan da suka shirya abin. Idan masu tsaron fada sun faɗa, dillalin kan iyaka ba shi da dalilin yarda da baki kawai.

Ma'aikacin gwamnati kuma nasa haɗarin daban ne. Tsohon teburin da aka jefa bayan biro don an kawo na ƙarfe, dukiyar gwamnati ce da ke cikin rajista, ba ya halatta ga kowa sai hukuma ta fitar da shi bisa ƙa'ida. Bugu da ƙari, yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta lissafa kayan ɗakin da suka haura shekara 100 cikin kayan tarihi, Nijar kuma tana da dokarta ta 30 ga Yuni 1997 game da tsaron kayan gado na ƙasa. Teburin da aka ƙera lokacin da Zinder take babban birni ya kai wannan munzali. Darajarsa ba a Paris take ba: a kansa aka rubuta sunayen masu biyan haraji da na waɗanda aka ɗiba aikin tilas. Dungas, wadda ta rabu da Magarya ta zama gunduma a 2011, ta fi kowa bukatar irin waɗannan shaidu na tarihinta.

Abokan gabar tsohon tebur a yankin nan biyu ne, gara da hunturu. Bushewar iska tana tsaga katako ta ɓamɓare fallen da aka manna, damina ta dawo ta kumbura shi. Masu gyara suna ba da shawarar a nisanta shi da taga da rana, a ɗora ƙafafunsa kan siminti ko dutse maimakon ƙasa, a shafa masa kakin zuma kaɗan sau ɗaya a shekara. Fenti mai ƙyalli da gogewa da takardar yashi suna share sawun hannun kafinta, wanda yake cikin shaidun shekarun teburin.