Atamfa: asali daga Java, inji daga Holan, suna daga bakin mata

Da wuya a kai lefe a Kano ko Maraɗi ba tare da turamen atamfa ba, kuma da zarar kakar zaɓe ta kama, ita ake bugawa da fuskokin 'yan takara a raba wa magoya baya su yi anko. Duniya na kallonta a matsayin tufar Afirka. Sai dai tarihinta ya faro ne daga tsibirin Java na Indonesiya, inda aka daɗe ana rinin da ake kira batik: mai sana'a zai zana fasali a kan ƙyalle da narkakken kaki, ya tsoma shi a rini, duk inda kakin ya rufe launi ba ya kamawa.

A ƙarni na 19, lokacin da Holan ke mulkin mallaka a Java, masana'antunta suka yi ƙoƙarin kwaikwayon aikin da inji domin su sayar wa mutanen tsibirin da araha. Kamfanin Vlisco, wanda aka kafa a garin Helmond a 1846, yana cikinsu. Amma injin ya zo da tangarɗa. Ƙaron da aka sa a madadin kaki yakan tsattsage, rini ya kutsa ta tsagar, ya bar siraran jijiyoyi da ɗigo-ɗigo a jikin yadin. Mutanen Java suka ɗauki wannan aibi ne. Matan gaɓar Afirka ta Yamma kuwa abin da ya burge su ke nan, domin ba a samun yadi biyu da suka yi kama sak. Wani ɗan kasuwa daga Sikotilan, Ebenezer Brown Fleming, ya fara kai irin wannan kaya ƙasar da yanzu ake kira Ghana a shekarun 1890. Har gobe masana'antun da ke buga atamfa ta gaske da gangan suke barin wannan "aibi", kuma gwanayen saye suna juya yadi su duba bayansa: idan launin ciki da na waje ɗaya ne, to an yi aikin ƙaro, idan bayan ya kode, bugun fuska ɗaya ne.

Me ya sa zanen atamfa ba ya jin kunya? Saboda ba domin a kalle shi a kusa aka yi shi ba. An yi shi ne domin a hango shi daga nesa, a tsakiyar kasuwa ko taron biki, cikin rana mai ƙarfi wadda ke kashe launi mai sanyi. Shi ya sa fure ɗaya ke iya cika rabin zani, ja ya zauna kusa da kore babu neman afuwa. Kuma zanen ba ya kammala a masana'anta. Turmi yadi shida ne kawai har sai ya shiga hannun tela, ya hau jikin mace, ya naɗe, ya motsa.

Babban abin da ya mayar da atamfa ta Afirka shi ne suna. A masana'anta lamba kawai ake bai wa zane, a buga ta a gefen yadi. Mata 'yan kasuwa ne ke raɗa masa suna, kuma zanen da bai samu suna ba yakan mutu a kanti. A Togo da Kwaddibuwa akwai wadda ake kira da Faransanci "idon kishiyata", akwai "miji mai hali", akwai mai hoton tsuntsaye suna fita daga keji, wadda sunanta ke nufin "in ka fita, ni ma na fita". A Ghana wata mai tsuntsu a guje sunanta "kuɗi na da fiffike". Bahaushiyar da ta san habaici ba ta buƙatar a yi mata fashin baƙi. Manyan dillalan birnin Lome, waɗanda aka yi wa laƙabi da Nana Benz saboda marsandin da suke hawa, sun kai matsayin da su ke faɗa wa Turawa zanen da zai karɓu, har su mallaki ikon sayar da shi su kaɗai.

To, ta wace ce? Mai fasaha Yinka Shonibare, ɗan Birtaniya mai asali daga Najeriya, ya gina aikinsa a kan wannan tambaya. A 2010 ya ajiye wani jirgin ruwa cikin ƙatuwar kwalba a dandalin Trafalgar na Landan, filafilansa masu zanen atamfa. A ganina muhawarar asali ba ta kai muhawarar riba zafi ba. Rinin Ƙofar Mata a Kano da adire na Abeokuta namu ne tun tushe, amma ba su suka cika akwatin lefe ba.

Najeriya ta taɓa amsa tambayar riba a aikace. A 1957 gwamnatin Jihar Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila, ta buɗe masaƙar KTL a Kaduna. UNTL ta biyo baya a shekarun 1960 da jarin Cha Chi Ming na Hong Kong. Auduga daga gonakin Funtuwa da Gusau, saƙa da bugu a Kakuri, ciniki a Kantin Kwari: dubban iyalai sun ci abinci daga wannan sarƙa. Rashin wutar lantarki, tsadar man da ake kunna injuna, tsofaffin na'urori, da kayan Sin masu araha da ake fasa-ƙwaurinsu ta iyakokin Benin da Nijar suka taru suka karya ta. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a Kaduna a 2007. A 2019 Babban Bankin Najeriya ya hana masu shigo da yadi samun kuɗin waje a farashin gwamnati, amma wannan bai tayar da KTL ba.

A yau akasarin atamfar da ke Kantin Kwari daga Sin take zuwa, wata ma kwafin zanen Holan ce, wanda shi ma kwafin Java ne. Duk ɗan takarar da ya hau mumbari a Kaduna yana alƙawarin farfaɗo da masaƙu, akwai tambaya mai sauƙi da matasan da ke sanye da ankonsa za su iya yi masa: a wace masana'anta aka buga wannan fuska tasa?