Lifta a Masana'antun Kano: Yadda Take Aiki da Dokokin Tsaron Lafiya

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa jan ruwa a rijiya ya san cewa guga na tare da igiya, kuma ranar da igiya ta tsinke, sai a nemo ƙugiya. To, lifta, watau na'urar da ke hawa da mutane ko kaya saman bene ta kuma sauko da su, ita ma guga ce babba da aka rataya a cikin dogon rami. Bambancin kawai shi ne abin da ke cikinta rai ne, ko dukiya mai nauyi. A unguwannin masana'antu na Bompai da Sharaɗa da Challawa, inda ake sarrafa fulawa da man girki da robobi da fatu, ana buƙatar a ɗaga buhuna da ganguna daga wani hawa zuwa wani a kowace rana. Wannan maƙala za ta bayyana wa ɗalibai da malamansu abin da ke hana lifta faɗowa, da abin da doka ta ɗora wa masu ita.

Taƙaitaccen tarihi

An daɗe ana ɗaga kaya da igiya, amma mutane sun ƙi yarda su hau, don tsoron tsinkewarta. A shekarar 1854 ne wani Ba'amurke mai suna Elisha Otis ya hau wani dandamali a wajen baje koli a birnin New York, ya sa aka datse igiyar da ke riƙe da shi a gaban jama'a. Dandamalin ya ɗan zame kaɗan, sai ya tsaya cak, domin wani birki da ya ƙirƙira ya cafke sandunan da ke gefe. A 1857 aka kafa liftar fasinja ta farko ta kamfaninsa a wani kanti a birnin, sannan a 1880 Werner von Siemens ya nuna lifta mai aiki da lantarki a Jamus.

Matakan tsaro biyar

Mataki na farko shi ne igiyoyin ƙarfe. Ƙa'idar Turai mai suna EN 81, wadda aka sabunta a 2014, ta tanadi cewa idan igiyoyin sun kai uku ko fiye, dole ne ƙarfin kowace ɗaya ya ninka nauyin da ke kanta sau 12. Alal misali, a ce nauyin akwatin lifta kilo 1,000 ne, kuma an yarda ya ɗauki kilo 630, watau mutum 8, tun da ana lissafa kilo 75 ga kowane mutum. Jimla kilo 1,630 ke nan. Idan igiyoyi huɗu ne, kowace na ɗauke da kimanin kilo 408, don haka ba za ta tsinke ba sai nauyi ya kai kusan kilo 4,900. Ashe igiya ɗaya tak na iya riƙe cikakken akwatin har ninki uku.

Na biyu shi ne nauyin daidaito. Igiyoyin kan bi ta kan wani wilin ƙarfe mai kwarmi a can sama, su sauko ɗaya gefen inda aka rataya tubalan ƙarfe, tamkar sikelin 'yan kasuwa mai faranti biyu. Akan sa nauyinsu ya yi daidai da na akwatin haɗe da kusan rabin kayan da aka yarda ya ɗauka. A misalinmu, kilo 1,315 ke nan, saboda haka injin ba ya fama da abin da ya wuce kilo 315.

Na uku shi ne birkin injin, kuma shi ya fi shafar mu a nan, inda ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne. Sifirin ne ke matse wannan birki a kullum. Lantarki buɗe shi yake yi. Saboda haka da zarar an ɗauke wuta, sai birki ya kama, lifta ta tsaya inda take. Liftocin zamani da dama suna da batir da ke kai akwatin hawa mafi kusa ya buɗe ƙofa.

Na huɗu shi ne mai gadin gudu, jikan birkin Otis. Wani ƙaramin wili ne da ke juyawa daidai da gudun akwatin. Ƙa'ida ta ce kada ya motsa sai gudu ya kai aƙalla kashi 115 cikin ɗari na wanda aka tsara. Idan ya motsa, sai ya ja wasu haƙoran ƙarfe su danƙe sandunan da akwatin ke bi. A ƙasan ramin kuma akwai matashi na sifirin ko na mai, mai rage ƙarfin karo.

Na biyar shi ne makullin ƙofa. Kada ƙofar wani hawa ta buɗu sai akwatin yana wurin, kada kuma akwatin ya motsa sai an rufe ƙofa.

Abin da jiki ke iya ɗauka

Mai karatu zai iya tambaya: me ya sa ba a sa birki ya tsayar da akwatin nan take? Amsar tana jikin ɗan Adam. A can cikin kunne akwai wasu 'yan ƙananan duwatsu da ke zaune a kan gashi masu laushi. Su ne ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa gudu ya ƙaru ko ya ragu, shi ya sa mutum kan ji kamar cikinsa ya faɗa idan lifta ta fara sauka. Gudu shi kaɗai ba ya cutarwa. Tsayawa farat ɗaya ita ke karya ƙashi, ta illata gadon baya. Don haka ne ƙa'idar ta iyakance ƙarfin birkin liftoci masu sauri, yadda a matsakaici mutum mai kilo 60 ba zai ji nauyinsa ya wuce kilo 120 ba a lokacin tsayawar gaggawa.

Abin da dokar Nijeriya ta ce

Dokar Masana'antu ta 1987, wadda ke cikin kundin dokokin tarayya na 2004, ta yi tanadi na musamman game da lifta. Ta ce dole ne a ƙera ta da kayan aiki masu ƙwari, a riƙa kula da ita, kuma wani ƙwararre da hukuma ta amince da shi ya bincike ta sosai aƙalla sau ɗaya a kowane wata 6, a ajiye rahotonsa a rajistar masana'antar. Dole ne a killace ramin, a sa masa ƙofofi masu makulli, a kuma rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka a inda kowa zai gani. Idan ta ɗaukar mutane ce, sai ta kasance da igiyoyi aƙalla biyu, kowace na iya riƙe nauyin gaba ɗaya. Sufetocin masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya su ne ke da alhakin tabbatar da bin dokar, ita kuwa Hukumar SON, wadda aka kafa a 1971, ita ke kula da ingancin kayayyaki.

Inda haɗari yake

Yau da gobe ba ta bar komai ba. Ƙurar hunturu kan shiga makullan ƙofa da akwatin lantarki. A wuraren jima, damshi da sinadarai kan sa ƙarfe tsatsa, kuma igiya na iya lalacewa daga ciki alhali bayanta na nan sumul. Amma sau da yawa daga hannun mutum matsala ke fitowa: a haɗa wayoyin makullin ƙofa don aiki ya yi sauri, ko a lafta buhuna fiye da kima, ko ma'aikaci ya ɗare kan liftar da aka yi don kaya kawai. A ranar 1 ga Agusta, 2023, wata matashiyar likita ta rasa ranta bayan lifta ta faɗo da ita a gidan kwanan likitoci na wani babban asibiti a Legas, abin da ya girgiza ƙasar nan, ya kuma tuna mana cewa matakan tsaro ba sa aiki sai ana kula da su.

Kammalawa

Da yawa daga cikin ɗalibanmu za su je sanin makamar aiki a waɗannan masana'antu. Shawara gare su ita ce: ku karanta iyakar nauyi kafin ku shiga, ku dubi ƙasa ku tabbata akwatin yana nan, kuma ya yi daidai da daɓe, kada ku sa hannu ko kai a cikin rami. Idan lifta ta tsaya da ku, ku danna ƙararrawa ku jira ma'aikacin da ya san ta, domin iska na shiga akwatin, kuma zama a ciki ya fi aminci bisa ƙoƙarin ɓalle ƙofa a tsakanin hawa biyu. Idan kun ji wata baƙuwar ƙara ko girgiza, ku sanar da shugaban sashe nan da nan. Malamai kuma na iya amfani da lissafin igiyoyi da muka kawo wajen koyar da darasin nauyi da ƙarfi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.