Salon Tiki: Tsibirin da Amurkawa Suka Ƙaga wa Kansu

Kalmar tiki ta fito ne daga harsunan Folinesiya, wato tsibiran da ke tsakiyar tekun Fasifik. A wurin Maori, mutanen Niyu Zilan, Tiki shi ne mutum na farko da aka halitta, kuma da sunan nan ake kiran siffar mutum da aka sassaƙa da itace ko dutse. Shi kuwa salon adon da ake ce wa tiki, a jihar Kalifoniya ta Amurka aka haife shi.

A ƙarshen shekarar 1933 aka soke dokar hana sayar da giya a Amurka. A daidai lokacin nan wani mai yawon duniya, Ernest Gantt, ya buɗe mashaya a Hollywood mai suna Don the Beachcomber, ya ƙawata ta da gora da tabarmi da tarun kamun kifi. A 1937 Victor Bergeron ya bi sahunsa, ya mai da gidan abincinsa na Oakland Trader Vic's.

Ana gane salon da rufin ciyawa mai tsini, da bangon gora, da fitilu marasa haske sosai, da ruwa mai gangarowa kan duwatsu. Galibi ba a yin tagogi, don kada wanda ya shiga ya hangi titi ya tuna da inda yake. Daga shekarun 1950 sai gumakan sassaƙa suka mamaye ko'ina, har kofunan sha aka riƙa ƙerawa da siffarsu. Amma idan aka duba da kyau, kayan haɗin gambiza ne. Giyar rake daga tsibiran Karibiyan take, abincin kuwa yawancinsa girkin kudancin Sin ne da aka sauya wa suna.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya buɗe wa salon kasuwa. Sojojin da suka yi yaƙi a Fasifik sun koma gida da labaran tsibirai. A 1947 Thor Heyerdahl ya tashi daga Peru a kan kwale-kwalen gungume mai suna Kon-Tiki, labarinsa ya cika duniya. A 1959 Hawai ta zama jiha ta 50, sannan a 1963 Disneyland ta buɗe nata ɗakin tiki. Ma'aikacin ofis da ya gaji da taye da tsoron yaƙin nukiliya yakan shiga irin wurin nan ya huta na sa'a biyu, ba fasfo ba jirgi.

Salon ya dusashe a shekarun 1970, ya sake farfaɗowa musamman bayan littafin Sven Kirsten, The Book of Tiki, na shekarar 2000. Sai dai wannan karon akwai masu ƙorafi. 'Yan asalin Hawai da yawa ba sa jin daɗin ganin siffar Ku, ɗaya daga cikin manyan allolin kakanninsu, ta zama kofin shan giya.