Jakin Jitar Lantarki: Me Ke Faruwa da Amo Idan an Sauya Shi?

Gabatarwa

A jikin goge ko kukuma akwai ɗan itacen da ke tokare da tsirkiya a kan fata, wanda makaɗa ke kira jaki. Jitar lantarki ma tana da nata jakin, sai dai na ƙarfe ne, kuma a wasu jitoci yana motsi. Makaɗa da yawa sukan kashe kuɗi mai yawa su cire jakin da jita ta zo da shi su sa wani, da fatan amonta zai ƙara zaƙi. Wannan maƙala za ta duba abin da kimiyyar sauti ta ce game da wannan fata.

Yadda jaki mai motsi yake aiki

A shekarar 1954 ne kamfanin Fender na Amurka ya fitar da jitar Stratocaster, mai ɗauke da jakin da aka raɗa wa suna tiremolo. Farantin ƙarfe ne mai sirdi shida, kowace tsirkiya da nata. A ƙarƙashinsa akwai dunƙulen ƙarfe da ya ratsa cikin itacen jitar, inda ake maƙale gindin tsirkiyoyin. A bayan jitar kuma akwai sifirin, galibi uku, wani lokaci har biyar, masu jan dunƙulen. Tsirkiyoyi shida masu matsakaicin kauri suna ja da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 45 ko kusa da haka, sifirin kuwa suna ja ta ɗaya ɓangaren, har su yi kunnen doki.

Idan makaɗi ya danna ɗan hannun da ke jikin jakin, sai farantin ya karkata, tsirkiyoyi su yi sako-sako, murya ta faɗi. Tun a 1636 masanin Faransa Marin Mersenne ya bayyana dokar da ke bayan wannan: saurin kaɗawar tsirkiya ya dogara ne ga tsawonta da nauyinta da kuma yadda aka ɗaure ta. Siririyar tsirkiyar jita tana kaɗawa kimanin sau 330 a sakan ɗaya. Idan ɗaurinta ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, kaɗawar za ta koma sau 165.

Daga ina amo yake fitowa?

Jakin goge yana miƙa girgizar tsirkiya ga fata da ƙwarya, su kuma su motsa iska. A jitar lantarki ba haka abin yake ba. A ƙarƙashin tsirkiyoyin akwai maganaɗiso da aka naɗe da siririyar waya sau dubbai. Tsirkiyar ƙarfe na motsi a kusa da shi, sai a sami ɗan ƙaramin lantarki a cikin wayar, bisa ka'idar da Michael Faraday ya gano a 1831. Wannan lantarkin ne amfilifaya ke ƙarfafawa ya fito ta lasifika.

Ke nan abin da ake ji shi ne motsin tsirkiya. Jaki ba ya ƙara mata komai. Iyakarsa ya rage mata ƙarfi. Duk girgizar da ta zurare ta cikinsa zuwa ga sifirin da itace ta ɓace wa mai sauraro. Ita kuma tsirkiya, bayan babbar kaɗawarta, tana da wasu ƙanana masu ninkin saurinta biyu, uku, huɗu, har zuwa sama. Haɗuwarsu ce ke ba amo kamanninsa. Jakin da ya fi saurin shanye masu kaifi daga cikinsu zai sa amo ya yi taushi, wanda bai shanye su ba kuwa zai bar shi garau.

Abin da sauyi ke iya kawowa

Abu na farko shi ne nauyin dunƙulen. Jitoci masu araha sukan zo da siririn dunƙule na gaurayen tutiya, wato zinki, mai nauyin kimanin giram 6.6 a kowane murabba'in dunƙule na santimita ɗaya. Baƙin ƙarfe yana da kimanin 7.8, tagulla mai ruwan ɗorawa kuwa 8.5. Abu mai nauyi da tauri ya fi wuyar girgizawa, don haka ana sa ran amo ya ɗan ƙara jimawa kafin ya mutu. Sai dai bambancin ba shi da yawa idan an gwama shi da na sauya tsirkiyoyi, ko maɗaukin sauti, ko amfilifaya. Sirdi mai kwance ko noti mai lilo ya fi nau'in ƙarfe ɓarna ga amo.

Abu na biyu, wanda ya fi fitowa fili, shi ne tsayuwar murya. Bayan an saki hannun, tsirkiya takan maƙale a wurin da ta ratsa a bakin wuyan jita, ta kasa komawa ɗaurinta na farko. Don magance wannan ne Floyd Rose ya ƙera jakin da ke datse tsirkiya a ƙarshenta biyu, ya kuma yi masa rajista a 1979. Makaɗi Eddie Van Halen ne ya fi yayata shi. Amma yana da nasa tsadar: sau da yawa sai an fafe itacen jitar kafin ya zauna, kuma abin da aka fafe ba ya dawowa. Haka nan idan tsirkiya ɗaya ta tsinke, sifirin za su rinjaya, sauran biyar duk su kauce.

Gwaji a aji

Malami zai iya nuna wa ɗalibai wannan da katako da siririyar waya da ƙusa biyu. A ɗaure wayar tamau, a tokare ta da ɗan ƙarfe, a taɓa ta, a auna sakan nawa amon zai yi. Sannan a maimaita da ɗan itace, sai kuma da roba, ba tare da sauya tsawo ko ɗauri ba. A sa wani ɗalibi ya juya baya ya faɗi wanne ake kaɗawa, domin kunne yakan ji abin da ido ya riga ya gaya masa. Irin wannan gwaji ne ya kamata makaɗi ya yi kafin ya zare kuɗinsa.